Baƙin Mai a Zanen Sallar Mas'uda

Akwai wata mata a Matamaye, sunanta Mas'uda, mai tuyar awara a bakin lakwal, wato makarantar boko. In kun taɓa wucewa ta nan wajen ƙarfe goma, ƙamshi ya riƙe muku ƙafa, to kaskonta ne. Mijinta yana Agadas wurin aiki, gidan daga ita sai 'yarta tilo, Jamila, mai shekara goma sha ɗaya.

Jamila tana da buri guda ɗaya tak a duniya. Tana son ta hau babban lilon nan mai juyawa kamar ƙafar keke, wanda ake kafawa duk ƙaramar Sallah a wani filin wasan yara da ke bakin garin Damagaram. Kwana uku yake yi, sai a kwance shi, a loda a babbar mota, a wuce da shi wani gari. A wayar maƙwabta ta gan shi, tun daga ranar kuwa babu littafinta da ba ta zana shi a bango ba.

Sau biyu Mas'uda tana yi mata alkawari, sau biyu abin yana rushewa. Shekarar farko kakar Jamila ce ta kwanta ciwo. Shekara ta biyu suna ya taso a Ɗan Barto. Bana da yarinyar ta zo ta ɗaya a ajinsu, uwar ta sake cewa, "Wannan karon kam sai Damagaram."

Jamila ta dube ta, ba tare da murmushi ba, ta ce, "Inna, in ba za mu je ba, don Allah ki daina cewa za mu je."

Jama'a, maganar nan ta soki Mas'uda fiye da yadda kuke zato. Ta gane cewa kalmarta ta fara rasa nauyi a wurin 'yarta. Ta ƙudura a ranta cewa bana ko da rarrafe sai sun je.

Ranar farko da ta biyu baƙi suka cika gida. Sai ranar uku ga Sallah, ranar ƙarshe ke nan ta lilo, suka samu fita. Jamila ta riga zakara tashi. Kafin uwarta ta idar da sallar asuba ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwali sau huɗu tana kwancewa. Mas'uda ta ɗauro sabon zanenta ruwan ƙwai, wanda sau ɗaya ta sa shi, ranar idi.

Ƙarfe bakwai suna tasha. Motar farko ta Damagaram ta kusa cika, 'yan kamasho sai kwarmato suke yi, "Damagaram! Damagaram! Saura kaɗan!" Jamila ta faɗa kujerar baya ta manne da taga, baki har kunne.

A layin gabansu kuwa maƙwabciyarsu ce zaune, Hajiya Mansura, matar wani babban ɗan kasuwa, da 'ya'yanta. Su ma filin wasan za su. Hajiya ta sha farar shadda mai ƙyalli, an buga ta har tana ƙara in ta motsa. Da motar gida za su tafi, direbansu ne ya tafi Sallah garin Tsauni bai dawo ba, kuma sai da ta tabbatar kowa a motar ya ji wannan bayani sau uku.

"A'a, Mas'uda, ke ma lilon za ki?" in ji ta. "To ki biyo ni kawai. Ni da na ga na Yamai, wannan ai wasan yara ne."

Wuri ɗaya ya rage, a gefen Hajiya, sai ga wani tsoho ya iso yana nishi. Malam Illa ne mai walda, wanda rumfarsa ke bayan kasuwa. Ya rungumo wani dogon ƙarfe mai haƙora a kai, an naɗe shi da takardar buhun siminti, baƙin mai yana tsatsafowa ta jikin takardar. Tsawonsa ya kai ya cinye wurin ƙafar mutum biyu.

Direba ya ce a ɗora shi saman mota tare da kaya.

"A'a, ɗana," in ji tsohon. "Jiya na kwana ina gyara haƙoran nan. In buhu ya danne su ko suka bugu, aikin ya tashi a banza. Ƙarƙashin ƙafa zai zauna, inda nake ganinsa."

Hajiya Mansura ta tattare shaddarta kamar ta ga kunama.

"Ƙarƙashin ƙafar wa? Malam direba, ka dube ni da kyau. Wannan ƙazantar ba za ta shiga motar da nake ciki ba. Ko shi, ko ni da yarana."

Mas'uda ta leƙo daga baya ta ce, "Hajiya, mu yi musanyar wuri mana. Ni sai in zauna kusa da shi."

"Mota na tsalle a rami, man ya fallatso ko'ina? Ban yarda ba."

"Hajiya, sa'an ubanmu ne fa."

"To sauka ki bi uban naki."

Direba ya dubi layin Hajiya da ya cika da 'ya'yanta, ya dubi tsoho guda ɗaya, ya kau da kai. Malam Illa ya juya. Ya ja ƙarfensa ya nufi mota ta biyu, wadda babu kowa cikinta sai wani mutum da yake gyangyaɗi.

Ta taga Mas'uda tana jin abin da direban mota ta biyu yake faɗa masa. "Baba, zan ɗauke ka, amma sai in an samu wanda ya yarda ƙarfen ya shiga ƙarƙashin ƙafarsa. Ka ga Sallah ce, kowa da sabon kaya."

"Ana jirana da shi, ɗana," in ji tsohon a hankali. "Yau ɗin nan ake jira."

Kun dai san ƙa'idar tasha. Mota ba ta tashi sai ta cika, ko da kuwa za a wuni. Wanda ya bar motar farko ya shiga ta biyu, shi da isa sai yadda Allah ya yi. Mas'uda ta san wannan sarai. Ta dubi Jamila da ke manne da taga. Ta dubi tsohon yana tsaye cikin rana, rungume da ƙarfensa mai nauyi. Ta tuna babanta marigayi, shi ma haka yake shiru in an wulaƙanta shi.

Ta ce, "Jamila, taso. Mun sauka."

"Inna!"

"Taso na ce."

Kafin su gama fitowa an cike gurabensu. Mota ta tashi, Hajiya Mansura ta ɗago hannu ta taga ta ce, "Sai mun ba ku labari!"

Jamila ta zauna a mota ta biyu ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, kuma wannan ya fi yi wa uwarta ciwo. Mas'uda ta taya tsohon shigar da ƙarfen, ta zauna, ta ɗora ƙafafunta a gefensa. Cikin minti biyar baƙin mai ya yi wa zanen ruwan ƙwai tambari tun daga ƙauri har idon sawu.

"Kai, 'yata, na ɓata miki zane."

"Babu komai, Baba. Omo zai fitar."

Ita kanta ta san ba zai fitar ba.

Takwas ta wuce. Tara ta wuce. Fasinja sai ɗiga suke ɗaya-ɗaya. Wani ya shigo, ya ajiye buta a kujera don kama wuri, ya tafi gaida surukansa. Rana ta ɗaga, motar ta zama tanda. Da goma ta gota Jamila ta ɗago kai ta ce, "Inna, dama na sani."

Malam Illa ya sunkuyo ya tambaye ta, "Jikalle, ina za ki haka da kwalli har kunne?"

"Lilo," ta ce. "Babban nan. Yau za a kwance shi."

Tsohon ya dubi uwar, ya dubi zanenta. Sai ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Share hawayenki. Lilon nan ba zai juya ba sai kin zo."

Mas'uda ta yi murmushin yaƙe. A ranta ta ce maganar tsofaffi ke nan ta lallashin yara.

Sai sha ɗaya da rabi mota ta cika, mai buta ya dawo da gudu, direba ya yi bisimilla ya tayar. To kun san yaro da hanya. Ana wuce Kance Jamila ta manta da fushi. Ta ga raƙuma sun yi layi, ta ƙirga su da ƙarfi. A Takeita, inda hanyarsu ta haɗu da babbar kwalta, masu talla suka yanyame tagogi da dafaffen ƙwai da ruwan sanyi, Malam Illa ya miƙa mata ƙwai biyu. Wata doguwar motar Yamai ta wuce su fuu, Jamila ta yi ihu har mai buta ya farka. Bayan Tirmini manyan duwatsu suka fara bayyana, wani kan wani, kamar an jera su da hannu.

"Inna, dubi! Wa ya ɗora wancan a kan wancan?"

"Wanda ya ɗora kanki a wuyanki," in ji Malam Illa. Mota duka ta kwashe da dariya.

Ƙarfe ɗaya da rabi suka sauka a tashar Damagaram. Mas'uda ta kama wa tsohon ƙarfensa suka sa a adaidaita. Kafin ya shiga ya ce mata, "'Yata, kada ku yi saurin zuwa filin. Da zafin nan ba sa buɗe ƙofa sai ƙarfe uku, don kujerun ƙarfe ne, suna ƙona yara. Ku yi azahar, ku shiga Birni ku buɗe ido. Bayan la'asar ku zo."

Ya tafi, ita kuwa hankalinta na kan Jamila da ke jan hannunta, ba ta ma ji inda ya ce a kai shi ba.

Suka yi salla, suka tari wata adaidaitar zuwa Birni. Wayyo, ku zo ku ga Jamila! Ta tsaya gaban fadar Sarkin Damagaram ta saki baki, tana kallon katuwar ƙofa da dogarai cikin ja da kore. Ɗaya daga cikinsu ya ce mata, "Barka da Sallah, 'yan mata," ta ɓuya bayan uwarta tana ƙyalƙyala dariya. Suka kutsa lungunan Birni, inda gidajen ƙasa suke da zane a goshinsu, wani kamar igiya an tufka, wani an shafe shi da shuɗi da fari. Wani gidan ma dutse ne rabin bangonsa. Suka leƙa rumfar dukawa, Jamila ta shinshina jakar fata ta yi atishawa. Ita kanta Mas'uda, da ta zo garin sau biyu kawai, duka kuma asibiti, sai yau ta san Damagaram tana da kyau haka.

Daga nan suka hau wani faffaɗan dutse, inda wata mata ke sayar da alkaki a inuwa. Gari duka ya shimfiɗu a gabansu. Can nesa, a bakin gari, ga shi nan tsaye, ja da rawaya, ya fi duk itatuwan wurin tsawo.

"Inna! Ga shi! Wallahi ga shi can!"

Jamila ta dinga tsalle har ɗankwalinta ya faɗi. Sai kuma ta tsaya cak.

"Inna, me ya sa ba ya juyawa? Uku ai ta wuce."

Mai alkaki ta ce, "Babban lilon? Ayya. Ai tun jiya da yamma ya tsaya. An ce wani abu ne ya karye a injinsa. Ƙanana dai suna aiki."

Mas'uda ta dubi 'yarta. Shekara uku tana alkawari, ta kawo yarinya har inda take hango abin da idonta, a ce ya mutu? Jamila ta sunkuya. Ta ɗauki ɗankwalinta ta kakkaɓe, ta riƙe a hannu.

"Mu je," in ji Mas'uda. "Ko taɓa shi ne ki yi da hannunki."

Bayan la'asar adaidaita ta sauke su a ƙofar filin. Ciki ya cika maƙil. Kiɗa na tashi, ƙananan motoci na karo da juna, dawakin roba na zagaye da jarirai, masu balan-balan na ratsa jama'a. Amma yawancin mutane suna gindin babban lilo sun yi cirko-cirko. Tun daga nesa Mas'uda ta ji muryar da ta sani.

Hajiya Mansura ce. Ashe tun ƙarfe goma suka iso, suka tarar da ƙofa a rufe, suka yi awa biyar a gindin katanga babu inuwar kirki. Farar shaddar ta yamutse, ta sha ƙura, kuma ƙaramin ɗanta ya tuntsurar mata da zobo a cinya. Da aka buɗe kuma aka ce babban lilo ba ya aiki. Yanzu ta tsare wani saurayi mai rigar aiki, Munkaila, makanikin wurin, tana zazzaga masa masifa.

"Wane irin sakarci ne wannan? Tun daga Matamaye muka taso! Abu ya lalace tun jiya, ku kasa gyarawa?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, an kusa," in ji Munkaila. "Garejojin gari duk sun tafi Sallah, shi ya sa jiya na aika wa babana ƙarfen da ya karye, can garinku. Ya kwana yana gyara. Da ya samu motar farko, da kafin a buɗe ƙofa mun gama ɗaurawa. To wai wata mata ce ta sa aka sauke shi, don kada ya ɓata mata shadda."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Babbar 'yarta, Zulaiha, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Mama, ba tsohon nan ba ne na ɗazu?"

Daidai nan wani ya fito da rarrafe daga ƙarƙashin injin, hannuwa baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Malam Illa ne. Ya miƙe da ƙyar ya ce, "Munkaila, ba shi wuta."

Inji ya yi tari, ya kama. Ƙaton lilon ya yi ƙara, ya motsa, ya fara juyawa a hankali. Filin duka ya ɗauki sowa. Jamila ta ƙanƙame uwarta tana ihu, "Inna, ƙarfenmu ne! Ƙarfen da muka kawo ne!"

Tsohon ya bar shi ya zagaya babu kowa har sau biyar, kunnensa a jikin inji. Ya sa aka ɗora buhunan yashi, aka sake zagayawa. Shi ya sa tun farko ya ƙi ba direba saƙo, ya taso da kansa. Abin da 'ya'yan mutane za su hau, in ji shi, sai ya ga zamansa da idonsa.

Da ya gamsu, jama'a suka yunƙuro, layi ya miƙe har bakin ƙofa. Ga rana ta yi ƙasa, da magariba kuma za a rufe. Mas'uda da Jamila suna can ƙarshe, ko rabin layin ba za a kai ba. Sai Malam Illa ya ɗaga baƙin hannunsa.

"Ku dakata. Akwai wata mata mai zane ruwan ƙwai da baƙin mai a ƙafa. Ina take? Ba don ita ba, da yanzu ni da ƙarfen nan muna tashar Matamaye. Ita da 'yarta za su fara hawa."

Mutane suka dare. Mas'uda ta taho tana jin kunya, tana ƙoƙarin ɓoye tabon da mayafi, jama'a kuwa tabon suke nunawa suna tafi. Tsohon ya dubi Jamila ya ce, "Jikalle, me na gaya miki a mota?"

Kujerar ta mutum huɗu ce. Jamila ta zauna, ta waiga, ta hango Zulaiha a gefe tana share hawaye, don uwarta garin masifa ba ta kama musu layi ba.

"Baba, Zulaiha da ƙanenta su zo?"

"Kujerarki ce. Ki kira wanda kike so."

Hajiya Mansura ta matso, murya ƙasa-ƙasa, ta durƙusa har shaddar na shan ƙasa. "Baba, ka yafe mini. Na yi wauta."

"Allah ya yafe mana duka, Hajiya. Tashi, kada ki ƙara ɓata kayanki."

Ba da gatse ya faɗa ba, amma wallahi da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Lilo ya ɗaga. Mas'uda ta runtse ido tana salati, ta riƙe ƙarfen kujera kamar za ta lanƙwasa shi. Yara sai ihu suke. Da suka kai can ƙololuwa, Munkaila ya tsayar da shi na ɗan lokaci. Iska mai sanyi ta buso. Ga Birni, ga dutsen da suka hau, ga kwaltar da ta kawo su ta miƙe yamma.

"Inna, buɗe idonki! Buɗe ki gani!"

Ta buɗe. Jamila ta kwantar da kai a kafaɗarta ta ce, "Inna, kin ce za mu zo, kuma mun zo."

Nan Mas'uda ta fashe da kuka, a sama, gaban 'ya'yan Hajiya, ba ta damu ba.

Zanen kuwa, an wanke shi sau uku, tabon yana nan daram. Mas'uda ta so ta mai da shi na tuyar awara, Jamila ta hana. Ta ninke shi ta sa a ƙasan akwatinta, ta ce in ta girma za ta nuna wa 'ya'yanta.

Darasi: Kada ka wulaƙanta mutum don kayan aikinsa sun yi datti, domin ba ka san ko abin da ka taso nema yana cikin abin da ya rungumo ba. Hajiya ta kori farin cikin 'ya'yanta daga mota da bakinta, Mas'uda kuwa ta ba tsoho wurin ƙafarta, Allah ya cika mata alkawarin da ta kusa kasa cikawa. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga 'yan uwa, musamman masu shiga motar haya da sabon ɗinki.